Tarihin da ke ƙarƙashin gonar citta

Wanda ya saba zuwa kallon kayan tarihi a ƙasar Hausa ya saba da ɗaga kai. Hasumiyar Gobarau a Katsina, ganuwar Kano da ƙofofinta, tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, duk a tsaye suke. Ka zagaye su, ka dafa, ka ɗauki hoto, ka kama gabanka. Kudancin Kaduna ba haka yake ba. Abin da ya girmi duk waɗannan gine-gine da ɗaruruwan shekaru yana can, amma a kwance yake cikin ƙasa, ƙarƙashin kunyoyin doya da gonakin citta. Ba shi da ƙofa, ba shi da mai gadi. Wanda ya fi kowa kusa da shi shi ne manomi da garmarsa, sai mai haƙa da digarsa. Shi ya sa a wannan yanki ba ka raba maganar tarihi da maganar masu talla: sau da yawa hannun da ya tono abin shi ne yake miƙo maka shi yana cewa ka taya.

Nok nake nufi. Duk wanda ya yi darasin tarihi a makarantun Najeriya ya taɓa ganin hoton kan nan na gasasshen yumɓu mai manyan idanu. Kaɗan ne suka san cewa Nok ƙauye ne na gaske, da mutanensa da gonakinsa, cikin ƙaramar hukumar Jaba, kuma daga Kafanchan ba wata tafiya ce mai nisa ba. Na je da hunturu, ana tsakiyar tonon citta.

A Kafanchan na sauka, don nan masauki ya fi samuwa. Garin jirgin ƙasa ne. A 1927 dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya zama a nan yake rabuwa biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Dogo ya janyo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa, suka tarar da mutanen Fantswam a ƙasarsu, kuma a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta taso daga Daroro ta dawo nan. Yau tashar jirgin ta yi sanyi, ciyawa ta rufe wasu layukan, amma cakuɗar da dogo ya kawo tana nan. A kasuwa za ka ji Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Fulani da Ibo, kowa da harshensa a gida, amma ciniki da Hausa ake yi.

Naci na farko a tashar mota ya same ni. Ban gama sauka daga kan acaɓa ba 'yan kamasho suka yo kaina, wannan ya kama jaka, wancan ya kama hannun riga. "Kwoi! Kwoi! Saura mutum ɗaya, Alhaji!" Da na zauna jiran mota ta cika, sai mata masu talla suka zagaye tagar: mai ayaba, mai gyaɗa, mai atili a ƙaramar roba, mai dafaffen gwaza. Wata dattijuwa mai zuma ita ta fi kowa tsayawa. A tsofaffin robobin ruwa ta ɗura zumar, baƙa ƙirin, ta ɗaure bakin kowace da leda. Na ce mata na gode. Ba ta motsa ba. Ta ciro ashana daga bakin zanenta, ta tsoma kan tsinken cikin zumar, ta ƙyasta, ya kama. "Ka gani, Baba? Ba ruwa, ba sukari. Daga amya na ɗebo." Ta ɗiga kaɗan a bayan hannuna ta ce in lasa. Tana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, irin na zumar daji. Na ce, "Mama, nawa?" Ta faɗa, na taya, ta ce albarka, na ƙara, ta sallama, har ta yi mini gyara da atili cikin tafin hannu.

Na sha jin matafiya suna kukan irin wannan naci, kamar wani wulaƙanci aka yi musu. Ni ban ɗauke shi haka ba. Duk jarin matar nan yana kan faifan da ke kanta. Motar da ta cika ta tashi ba ta sayar ba, ta tafi ke nan, kuma kuɗin makarantar jikoki ba ya jira. Mai nema yana tare da samu, ita kuwa nema take yi a fili, ba ta ɓoye kome ba. Alhazanmu sun san irin wannan a gindin Dutsen Uhudu da Dutsen Arfa, inda masu carbi da dabino da turare suke tare hanya. Waɗanda suka je kallon dalar Giza a Masar suna ba da labarin masu raƙuma da ke bin baƙo har sai ya hau. Duk inda baƙo ya zo da kuɗin kashewa ya tarar da talaka, za a yi naci. Abin da ya rage wa baƙo shi ne ya san yadda ake ƙi cikin mutunci, kuma Bahaushe ya gāji wannan tun daga gida. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, don taya rabin alkawari ne. Kada ka karɓi kaya a hannu kana juyawa alhali ka san mayarwa za ka yi. Ka dubi mai talla a fuska ka ce, "Allah ya kawo kasuwa." Mafi yawansu daga nan suke amsa amin su wuce. Wanda yake kawar da kai kamar ba mutum ne a gabansa ba, ko yake daka tsawa, shi ne aka fi bi, kuma shi ne ke komawa gida da ɓacin rai.

Kafin in nufi Nok na leƙa Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse kusa da Madakiya. Da damina ya fi ƙarfi, amma ko da rani ya isa kallo. Samari ne ke tsaye a bakin hanya, kowa yana so shi zai raka ka. Na zaɓi ɗaya, muka yanke abin da zan ba shi tun kafin mu ɗaga ƙafa, sauran suka koma inuwa. Daga can ana hango duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Ban daɗe ba.

Hanyar Kwoi ƙamshin citta take yi a wannan lokaci. An tsaga ta biyu an shanya a kan duwatsu da gefen kwalta da tsakar gidaje, mata da yara suna juyawa. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga nan take fitowa, Jaba da Kaciya da Kagarko da Jama'a. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin, ganye ya yi rawaya, saiwar ta ruɓe cikin ƙasa, manoma da yawa suka rasa amfani suka rasa iri. Wani fasinja da ke kusa da ni ya ce a shekarar nan ko buhu ɗaya bai ɗauka ba a gonar da ya ci bashi ya shuka. Wanda zai fahimci abin da ya same ni daga baya sai ya riƙe wannan a ransa.

Kwoi ita ce hedikwatar Jaba, nan fadar Kpop Ham take, sarkin al'ummar Ham. Daga nan acaɓa ya kai ni Nok. Ƙauye ne a gindin duwatsu, shiru, sai kukan zakaru da ƙarar injin niƙa.

Kuza ce ta fito da sunansa. A 1928, ana haƙar kuza a kusa da ƙauyen, aka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu, wani Bature mai suna Dent Young ya kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san darajarsa. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tonon tarihi a Ingila, wani kan daban daga yankin Jama'a. Wanda ya same shi a wurin haƙar kuza ya ɗora shi ne a kan dodon gona cikin gonar doyarsa. Fagg ya ga kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon leburori duk wanda ya ci karo da irin wannan kada ya fasa, ya kawo. Haka aka tara na farko-farkon. Shi ya laƙaba wa al'adar sunan ƙauyen, shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, kuma shi ya tono tsofaffin matoyan narkar da tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau. Daga baya aka gane abin ya zarce Nok nesa ba kusa ba, daga yankin Kagara a jihar Neja har Katsina-Ala a Binuwai. Abin lura a nan, tun ranar farko ba masana ne suka fara taɓa waɗannan kawuna ba. Leburori ne, talakawan wurin.

Akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na ƙasa a ƙauyen. A nan na tsaya gaban kan Nok ido da ido. Hoto ba ya nuna kaushinsa. Yumɓun a cakuɗe yake da tsakuwa, ja-ja, kana ganin ƙwayoyin dutse suna ƙyalli a kumatu inda shafen saman ya goge. Cikinsa rami ne, don da nannaɗen yumɓu aka ɗaga shi hawa-hawa yadda ake ginin tukunya. Idon mai kusurwa uku ne, fatar sama a miƙe, ta ƙasa a lanƙwashe, an huda ƙwayar idon har ciki. An huda hanci da baki da kunne, kuma waɗannan hudojin sun taimaka wa iska ta fita lokacin gashi don kada ya tsage. Sai kitso. Wanda ya yi shi ya zauna ya fitar da kowane tukku da kowane layi, har da jerin duwatsun wuya. Mutumin da ya ɓata lokaci haka a kan gashin kai, a cikin jama'a yake da ta san ado, ta san matsayi, ta kuma iya ciyar da gwani yana zaune yana aikinsa.

Wani saurayi ya hau da ni dutse ya nuna mini kogunan da ya ce kakanninsu suna fakewa a ciki su ɓoye hatsi lokacin hare-haren kamun bayi. Wannan tarihin jiya-jiya ne in aka gwada shi da na kawunan, na ƙarni na 19 ne, kuma mahara da yawa daga masarautunmu suka fito. Baƙo Bahaushe ya kamata ya saurari wannan da natsuwa, ba tare da musu ba.

A hanyar komawa ne, a wata mahaɗa inda nake jiran mota, naci na biyu ya same ni. Wani magidanci ya zo ya zauna a ƙarshen bencin mai shayi, ya ajiye jakar bakko tsakanin ƙafafunsa. Muka gaisa. Ya ce ya ga na fito daga wajen Nok. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya rage murya.

"Alhaji, kana son kaya?"

"Wane irin kaya?"

"Na ƙasa."

Ya buɗe jakar, ya warware tsohon zane, ya warware takardar siminti. Kai ne, bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, an karye shi daga wuya. Jar ƙasa ta cushe hudar ido ɗaya. Ya sa farce ya ɗan kankare ta don in ga ba yau aka shafa ba. Na lura da hannunsa fiye da kan: tafin ya yi kanta, ya tsattsage, hannun mai riƙon fartanya ne. Ya ce Naira 300,000. Na ce ba na saye. Ya ce in taya. Na ce Allah ya kawo kasuwa ta wata hanyar. Ya ce wani ya taya daga Abuja, amma shi ya fi so ɗan ƙasa ya samu. Ya sauko 150,000. Na tashi na koma gindin mangwaro, ya biyo ni. Ya ciro waya ya shiga nuna mini hotuna a WhatsApp, wani a durƙushe da hannu a haɓa, wani rabin jiki, ya ce duk akwai, in na shirya gobe da asuba sai ya kai ni inda suke. Ya sauko 40,000. Daga ƙarshe ya ce, "To ko na magani ka ba ni, yarinyata ba lafiya, ka ɗauka kawai."

Ban yi masa tsawa ba, kuma ban ji haushinsa ba. Amma a nan ban sassauta ba ko kaɗan, domin wannan ba zuma ba ce.

Ga abin da ke salwanta duk ranar da aka fizgo irin wannan kai daga ƙasa. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka shiga tonon wuraren Nok a tsanake, daga sansaninsu na Janjala a ƙaramar hukumar Kagarko. Abin da ya fi amfanarsu ba kawunan ba ne. Gawayi ne, da ƙonannun ƙwayoyin hatsi, da fasassun katanga, da yadda aka jera duwatsu. Suna tace ƙasar da rariya, suna wanke ta da ruwa don ƙwayoyin su taso. Da waɗannan ƙananan abubuwa aka auna shekaru, aka gano al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, ginin siffofin ya bunƙasa daga wajen 900 kafin Miladiyya, narkar da tama ta biyo baya, sannan abin ya shuɗe wajen farkon Miladiyya. Da su aka san mutanen suna noman gero da wake, suna cin atili. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol ta Ingila tare da na Frankfurt suka bayyana cewa sun sami ragowar kakin zuma a jikin katangan tukwanen Nok, shaidar cewa ana ɗiban zuma a wannan ƙasa shekara 3,500 da suka wuce. A wani wuri mai suna Pangwari an tono siffar kwalekwale da mutum biyu a ciki. An kuma lura siffofin a farfashe aka binne su cikin ramuka, wasu kusa da jerin duwatsu da tukwane da duwatsun wuya waɗanda ake ganin kaburbura ne, ko da yake tsamin ƙasar ya cinye ƙasusuwan.

Mai haƙa don sayarwa ba ruwansa da gawayi ko ƙwayar gero. Kai yake nema. Zai sa diga, ya watsar da ƙasa gefe, ya tattake katanga, ya ɗauki abin da zai yi kuɗi, ya bar rami. Kan da ya fito ta wannan hanya ya zama kamar hadisin da aka yanke wa isnadi: ga shi a hannu da kyansa, amma ba mai iya cewa daga ina ya fito, a wane zamani, tare da me. Kuma ba a tonon wuri sau biyu. Masanan Frankfurt sun ce mafi yawan wuraren da suka isa sun tarar an riga su. Daga shekarun 1990 aka yi wa yankin rubdugu, ƙauyuka suka bar gona suka koma haƙa, dillalai suna kwasa suna fitarwa ta Kwatano da Lome zuwa Turai.

Doka ta hana. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta haramta saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun hukumar, ta haramta fitar da su ba izini. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa siffofin Nok cikin jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa, ta gargaɗi kowa kada ya saya. A cikin wannan shekara aka baje wasu siffofin Nok a sabon sashe na gidan tarihin Louvre a Faris, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga hannun dillali, zamanin Shugaba Jacques Chirac. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar wa Faransa su aro na shekara 25. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Da babu mai saye a Faris da Landan da Abuja, da babu mai barin gonarsa ya shiga rami. Duk ɗan yawon buɗe ido da ya ciro kuɗi a bakin hanya, ko don tausayi ne, ya ba da odar haƙa ta gaba.

Ga kuma maganar jabu. Da kasuwar ta yi zafi, gwanayen yumɓu suka shiga gina sababbi, su gasa, su binne, su shafe da jar ƙasa. Wasu suna niƙa tsofaffin katanga su kwaɓa, ko su harhaɗa gutsattsarin siffofi daban-daban da danƙo su fitar da guda ɗaya, don ko an kai ɗakin gwaji an ɗebi ɗan yanki ya nuna tsufa. Masu tono na ilimi kusan ba sa samun siffa cikakkiya, saboda haka duk wadda ka ga an kawo maka lafiya lau daga kai har ƙafa, ka yi hattara. Cinikin biri a sama ne. Mai saye ɗayan biyu ne: ko an damfare shi, ko ya taya ɓarna ya kuma taka doka. Ko wanne ne a jakar mutumin nan, amsata ɗaya ce.

Na faɗa masa kaɗan daga cikin wannan, a taƙaice, muna tsaye. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, Turawa sun kwashe na kwasa. Manya sun ci. Ni da abin ya fito a gonar ubana, ni ne ba zan ci ba? In na kai wa hukuma, me za a ba ni?"

Maganarsa tana da nauyi, kuma duk mai son a kare Nok dole ya amsa ta. Sunan ƙauyen nan yana cikin littattafai a duk duniya, an baje kayan da masanan Jamus suka tono a Frankfurt daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014, jama'a suka yi ta zuwa kallo, daga baya aka dawo da su Najeriya. Amma manomin da tarihin ke ƙarƙashin gonarsa bai ga abin da ya ƙaru da shi ba. Aikin tonon ma da ke ɗaukar 'yan ƙauye yana biyansu lada ya tsaya. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a wajen Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin daji bai koma yadda yake ba. Baƙi suka ragu. Citta ta ruɓe. Mutumin da ke da mara lafiya a gida, ga abu a gonarsa da ya ji ana sayensa da kuɗi masu yawa, wa'azin tarihi kaɗai ba zai riƙe hannunsa ba.

A ganina kuɗin baƙo ya kamata ya shiga ƙauyen nan, da yawa ma, amma ta ƙofar da ba ta rushe kome. Ka ɗauki ɗan rakiya daga cikin 'yan garin ka biya shi da kyau. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka hau dutse. Ka ci abinci a wurin, ka sayi citta da zuma da acca, kada ka matse mai talla a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka riƙe canji, ka yi tafiyarka da rana, ka tambayi direbobi halin hanya kafin ka tashi. In ka daidaita zuwanka da bikin Tuk Ham da ake yi a Kwoi wajen lokacin Ista, za ka tarar da gari a cike. Wanda kuma yake son ganin siffofin da yawa, gidan tarihi na Jos da na Kaduna da ke kan titin Ali Akilu suna nan.

Abin da ya fi damuna shi ne gwanayen da ke gina na jabu. Mutumin da zai iya fitar da idon Nok da kitsonsa har ya ruɗi dillali a Turai, gwani ne na gaske, magajin sana'ar ne. Ƙarya ɗaya ce ta ɓata aikinsa, wato cewa tsoho ne. Da za a kafa rumfuna a Nok da Kwoi da Kafanchan inda zai sayar da aikinsa a fili, da sunansa da shekarar da ya gina a rubuce a gindi tun yumɓun yana ɗanye, da takardar hukuma da ke shaida sabo ne don kada a tsare mai saye a filin jirgi, da malaman makaranta da ɗalibai da masu otal sun saya. Ni kaina da na saya. Manomin da garmarsa ta ci karo da na gaske kuma a ba shi tukuici mai tsoka in ya bar shi a inda yake ya kira masana, a ɗauke shi aiki cikin masu tonon.

Na ba mutumin abin da ya sauwaƙa don maganin yarinyar, na ce masa wannan ba kuɗin kaya ba ne, ya mayar da kan cikin zanensa. Na roƙe shi ya kai shi gidan tarihin ya faɗa musu inda ya fito. Bai ce zai kai ba. Na tambaye shi ko ya san mai gina sababbi. Ya yi jim, ya ce akwai wani a ƙauyen gaba. Na ce ya gaya masa ya gina ɗaya, ya rubuta sunansa da shekara a gindi, kada ya binne, kada ya shafa ƙasa.

"Wa zai sayi sabo, Alhaji?"

Na ce ni, kuma zan biya kuɗin aikin gwani. Ya karɓi lambata, ya ce zai je ya same shi ranar kasuwa.